Wa Ke Ƙidayar Kaka? Rumbu, Gawo da Garka a Tarihin Magariya da Dungas

Kowace shekara, idan muka koma aji a watan Oktoba, sai na yi karo da wata kalma a littafin Faransanci wadda ban taɓa samun sauƙin bayaninta ba, wato automne. Littafi yana cewa lokaci ne da ganyaye ke yin ja su zube. Yara su duba ta taga, su ga gawon da ke bakin filin makaranta, wanda ya kwashe damina tsirara, yanzu ne ma yake fitar da sabon ganye. Wata shekara wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, ashe gawonmu bai iya Faransanci ba." Aji ya fashe da dariya, ni ma na yi. Tun daga ranar na bar fassara kalmar da "kaka" kai tsaye, domin kakarmu ba zubar ganye ce alamarta ba. Alamarta damin hatsi a kan amalanke, da ƙamshin tumu a wuta, da kujerun aji waɗanda ba za su cika ba sai an gama girbi.

Galibinmu malamai mun ɗauki wannan rayuwa ta karkara kamar abin da ba shi da tarihi: haka muka tarar, haka kakanni suka tarar. A ganina wannan kuskure ne. Rumbun da ke tsakar gida, da gawon da ke gona, da garkar da ke cikin fadama, kowanne yana da labarin da za a iya sa wa shekaru. Kuma idan aka bi labarin a ƙasar Magariya da Dungas, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa: wa ke zuwa ya ƙidaya abin da manomi ya girbe, kuma mene ne mai ƙidayar ba ya gani?

Sai mu fara da gidan kansa, kamar yadda yake a ƙarshen damina. Bayan marka ta wuce, agajeri ya shigo da zafinsa, gero ya yi kai, wake ya fara fure a ƙarƙashinsa. A wannan ɗan tsakani ne rumbun bara ke ƙarewa, na bana kuwa bai samu ba. Mai gida na lissafin kwanakin da suka rage. Uwar gida kuma ba ta jiran lissafinsa, domin tana da nata wurin a bayan ɗaki da jikin danga: kuɓewa, yakuwa, rama, lalo, gauta, barkono, ga kabewa da duma sun haye rufin bukka. Tafasar da ta fito da kanta a bakin hanya ma ba a raina ta. Da waɗannan ake yin kwaɗo da miya har hatsi ya nuna. Abin da ya saura a yanka, a shanya a kan tabarma, a zuba a tulu ko buhu saboda rani. Gonar gandu ta gida ce baki ɗaya, mai gida ke riƙe da ita. Ban da ita akwai gamana, wadda wasu ke kira gayauna, ɗan yankin da ake yanka wa mace ko saurayi ya noma don kansa a ranakun da ba a aikin gandu. Sai kuma garka, can cikin kwari inda ruwa ke kusa.

Ƙasar da muke magana a kanta Allah ya yi mata baiwa ta wannan fuska. Tsakanin jigayin rairayi akwai kwarurruka na Korama da rassanta, da tabkuna, inda mutum zai haƙa gaba ɗaya ko biyu ya tarar da ruwa. Shi ya sa rake da rogo da dankali da dabino suke da tsohon zama a wajejen Bande, Waca, Guci da Dungas. Shi ya sa kuma jama'a suka yi yawa a nan fiye da akasarin Nijar. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da 570,000 a gundumar Magariya, da kimanin 350,000 a ta Dungas, wadda aka cire daga Magariya a 2011.

Mai ƙidaya na farko da tarihi ya nuna mana shi ne sarki. Dungas da Waca suna cikin tsofaffin ƙasashen Sosebaki, waɗanda suka riga Damagaram kafuwa, daga baya Damagaram ta rinjaye su a ƙarni na 19. Magariya kuwa sarautarta jinin Daura ce: bayan jihadi ya fitar da sarakunan Haɓe daga birnin Daura a farkon wannan ƙarni, ƴaƴansu sun zauna a Zango da Baure da Magariya, ƙarƙashin inuwar Damagaram. Wanda ke son bin wannan dalla-dalla ya nemi littafin André Salifou na 1971 a kan Damagaram, da na M. G. Smith na 1978 a kan Daura. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, kaka ita ce lokacin da masarauta ke tuna ƙauye. Ana fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, ana kai gaisuwa, ana biyan kuɗin ƙasa da wuri. Kuma da zarar an gama girbi, hanyoyi sun bushe, sai lokacin yaƙi ya zo. Wannan yanki yana kan iyakar Damagaram da Kano, saboda haka dakarun da ke tafiya kudu ta kansa suke bi, rumbunansa ne ke ciyar da dawakinsu. Kada son tarihin gida ya sa mu manta cewa wasu gonakin manya bayi ne suka nome su.

Amma daga wannan zamani ne kuma muka gaji labarin gawo. Sarki Tanimun, wanda ya yi doguwar sarauta daga 1851 zuwa 1884, ya gina ganuwar Zinder, ya sa aka ƙera igwa, dattawa suna tuna shi da wata doka: wanda ya sare gawo, ransa ne, wanda ya datse shi ba da izini ba, hannunsa ne. Masana gandun daji sun rubuta wannan labari suna ta maimaitawa. Ko sau nawa aka zartar da hukuncin, abin lura shi ne an san darajar itacen tun kafin a zo da kalmar kimiyya a kansa. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana. Ganyen da ya zuba taki ne, saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi, da rani kuma dabbobi su taru a inuwarsa suna cin ƴaƴansa suna barin kashi. Kowane yaron ƙauye ya san geron gindin gawo ya fi na fili tsawo da kauri. Sarkin da ke karɓar dami ɗaya cikin goma yana da dalilin kare itacen da ke yawaita dami.

Sai Nasara. Faransawa sun ci Zinder a 1899, bayan yaƙin Tirmini. Iyakar da ta raba mu da ƴan'uwanmu na Baɓura da Maigatari an tsara ta a kan takarda tsakanin Faransa da Ingila, aka zo aka kafa duwatsunta tsakanin 1906 da 1908. Sabon mai ƙidaya ya bambanta da na da ta hanya ɗaya mai nauyi: ba dami yake so ba, kuɗi yake so, kuma bisa kan mutum, ko an samu damina ko ba a samu ba. Lanho ya zama abin da ake jin tsoronsa a kaka fiye da fara. Da aka yi farin 1913, yunwar da ta biyo baya, wadda Hausawa suka sa wa suna Kakalaba, ta tarar da rumbunan da an riga an taɓa su don biyan haraji. Mutane da yawa sun tsallaka iyaka, wasu saboda yunwa, wasu saboda lanho da aikin dole, wanda ba a soke shi ba sai a 1946.

Bayan yunwar 1931 da ta yi ɓarna a yammacin ƙasa, hukumar mulkin mallaka ta tsananta dokar rumbun tsimi: kowane gida ya ajiye wani kaso na hatsinsa a rumbunan da aka jera a bayan gari, ba a buɗewa sai da izinin kwamandan. A kan takarda dabara ce mai kyau. A ƙauye kuwa an tsane ta, domin manomi ya san tsimi tun kafin a haifi kwamandan, kuma babu abin da ya fi ciwo kamar ka ga hatsinka a rufe, ƴaƴanka na kuka, makulli yana hannun wani. Haka dokar gandun daji ta 1935 ta yi da itace. Ta sa gawo cikin itatuwan da aka kare, sai dai ta mai da shi na hukuma. Tanimun ya hana sara, amma manomi ya san gawon gonarsa nasa ne. Yanzu kuwa itace ya zama abin jawo tara. Wanda ya ga tsiron gawo a gonarsa, gara ya cire shi tun yana ƙarami, kafin ya girma ya jawo masa ma'aikacin gandun daji. Dokar ƙasa ta 1974 ba ta sauya wannan ruhi ba.

Kuɗin lanho daga ina za su fito? Daga gujiya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a can a shekarar da ta biyo, sannu a hankali ya hauro arewa. Zuwa shekarun 1950 ƙasar Magariya da Matamaye ta zama zuciyar noman gujiya a Nijar. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suna kafa sikeli da kaka, ana jibga buhuna, manyan motoci na kwasa zuwa Kano, daga can jirgi ya kai Ikko. Bayan samun ƴancin kai, gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA a 1962 ta riƙe cinikin, UNCC kuma ta ɗauki sha'anin ƙungiyoyin manoma da bashin iri. A cikin shekarun 1960 gujiya ce ke kawo fiye da rabin kuɗin abin da Nijar ke sayarwa waje. Har masana'antar matse mai aka gina a Magariya, wato SEPANI.

Dattawanmu suna tuna wannan zamani da daɗi, kuma ba zan ƙaryata su ba. Da kuɗin gujiya aka sayi keke da rediyo da kwanon rufi, da su aka yi aure, da su wasu suka sauke farali. Kaka ta zama biki na gaske: makaɗa, ƴan kokawa, ƴan koli, kowa ya nufo inda sikeli yake. Mata ma sun samu sana'ar mai da ƙuli-ƙuli, wadda har yau ba ta mutu ba. Sai dai kowace kadada da aka ba gujiya, an ɗauke ta ne daga hatsi ko daga saura. Gonar da a da ake bari ta huta shekara uku ko huɗu ta daina hutawa. An sassabe daji, an tumɓuke kututture don garmar shanu ta wuce. Kuma farashin ba a Magariya ake yanke shi ba. Da Faransa ta janye farashin gata da take sayen gujiyarmu da shi a ƙarshen shekarun 1960, manomi ne ya ji a jikinsa. Fari ya biyo a 1973, mulkin Diori ya faɗi a watan Afrilun 1974, sannan a 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta cinye gonaki daga nan har ƙasar Kano. Gujiya ba ta sake komawa matsayinta ba. Gwamnati ta riga ta juya ido wajen yuraniyom na Arlit, manoma kuma suka koma wa wake, daga baya riɗi.

A duk tsawon wannan lokaci, daga zakkar sarki zuwa sikelin SONARA, ba wanda ya taɓa zuwa ya ƙidaya kuɓewar bayan ɗaki. Ba ta shiga rahoton kwamandan, ba ta shiga lissafin ma'aikatar noma. Garka ma ana kallonta a matsayin aikin tsofaffi da talakawa, masu jan ruwa da jigo ko guga. Sai da 1984 ta zo. Damina ta ƙi, Nijeriya ta rufe iyakokinta a watan Afrilu na wannan shekara, har yunwar ta samu sunan El-Buhari a bakin mutane. Ga yankin da rabin numfashinsa yana hayin iyaka, inda samari ke tafiya cin rani Kano da zarar an ɗaure dami, wannan rufewa ta zama fari na biyu. Ina ƙarami ƙwarai a lokacin, abin da nake iya tunawa kaɗan ne: ɗanɗanon rogo dafaffe safe da yamma, da kakata tana auna busasshiyar yakuwa da tafin hannu kamar mai auna zinariya. Daga baya na fahimci cewa gidajen da ke da ɗan yanki a fadama, da matan da suka yi shanya da kaka, su ne ba su watse ba.

A wannan shekara ce Seyni Kountché ya yi kiran noman rani a faɗin ƙasa, aka raba iri, aka haƙa rijiyoyi, aka kafa shinge. A wurare da dama abin sabo ne. A kwarin Korama kuwa gwamnati ta zo ne ta tarar da abin da ake yi tun zamanin Sosebaki, ta ba shi sunan Faransanci. Ban faɗi haka don raina aikin ba: daga lokacin ne kabeji da salati da dankalin Turawa suka zauna a garakenmu tare da albasa da tumatir da tattasai, kuma mai garka ya daina jin kunyar sana'arsa.

A shekarar 1984 ɗin dai aka yi babban taron Maraɗi a kan yaƙi da hamada. An dasa itatuwa da yawa bayansa, akasarinsu suka mutu. Abin da ya rayu shi ne wanda ba a dasa ba. Manoma suka shiga barin tsiron da ya fito da kansa a gona, su zaɓi reshe ɗaya ko biyu su gyara, su sare saura. Shi ake kira sassaben zamani. A ƙasar Maraɗi ana danganta yaɗuwarsa da aikin Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, kuma ya cancanci yabonsa. A nan kudancin Damagaram kuwa mutane sun koma ne ga abin da suka sani game da gawo, musamman da hannun hukuma ya yi sanyi a shekarun rikicin siyasa da talaucin gwamnati na 1990. Dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar gandun daji ta 2004 suka zo suka sassauta, manomi ya fara jin cewa itacen gonarsa nasa ne. Da Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka yi bincike a 2006 a Magariya da Matamaye da Mirya, sun kiyasta cewa wajen kadada miliyan ɗaya ce ta sake rufuwa da itatuwa, galibinsu gawo. Masana sun yi mamakin abu ɗaya: inda mutane suka fi yawa, nan itatuwa suka fi yawa. Manomin Dungas bai yi mamaki ba. Wanda gonarsa ta ƙanƙance, ba shi da saura, ba shi da kuɗin takin zamani, ba shi da taki sai gawo.

To, a nan ne nake so ƙungiyoyinmu na al'adu su tsaya su duba, domin wannan ƙanƙancewar gona tana da wani gefe da ba a cika faɗa ba. Idan gonar uba ta rabu tsakanin ƴaƴa shida, sannan ta sake rabuwa tsakanin jikoki, abin da ke fara ɓacewa shi ne gamanar mace. Marthe Diarra da Marie Monimart sun nuna haka a bincikensu na 2006 a kudancin Nijar: inda ƙasa ta yi ƙaranci, sai a janye mata daga gona, wani lokaci a lulluɓe abin da rigar addini, alhali addinin ya ba su gado. Ruwa ba ya tsami banza. Yarinyar da ta tashi ba ta taɓa riƙe hauya ba, ba za ta san irin kuɓewar da ke jure fari ba, ba za ta san lokacin da ake tsinke yakuwa don shanya ba. Na gwada ɗalibaina na aji uku a darasin Hausa, na ce su rubuta sunayen ganyayen miya goma. Kaɗan ne suka wuce biyar, kuma waɗanda suka wuce, kusan duka a hannun kakanninsu mata suka tashi.

Garka ma, tun da ta fara kawo kuɗi, ta samu masu ƙidaya. Fadamar da a da ake ba mutum aro don ya ci da iyalinsa, yanzu jingina ake yi da ita ko a sayar, mai saye kuma sau da yawa ɗan kasuwa ne ko ma'aikaci daga birni. Injin ban ruwa ya maye gurbin jigo, ya sauƙaƙa aiki, amma ya ɗaure mai garka da farashin mai. Da Nijeriya ta cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sannan aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na wannan shekara, mai rake da mai tattasai sun ji abin da kakanninsu masu gujiya suka ji: an yanke hukunci a wani wuri mai nisa, kaya na lalacewa a hannu. Ruwan ma ba ya da tabbas ta kowane ɓangare. Daminar 2024 ta yi yawan da har tsohon masallacin Birni na Zinder, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a farkon Satumba, fadamu da yawa kuma suka cika suka kwana a ƙarƙashin ruwa. Akwai kuma mai ƙidayar da ya fi kowa sammako, wato mai ba da bashi da marka, tiya ɗaya a biya biyu ko fiye idan an girbe. Shi ba ya jiran dami ya isa gida.

Bara, da hutun ƙarshen mako, na je ƙauyenmu ana tsakiyar girbi. Ƙanen mahaifina yana tsaye a bakin rumbu yana ƙirga dami da ƙarfi, yaro na miƙa wa wani a ciki, kowane na goma a ware shi gefe. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya ce in Allah ya so za su kai watan bakwai. A bayan ɗaki matarsa tana yanka kuɓewa a kan faifai, ga tabarmi biyu na yakuwa a rana, ga kabewa huɗu a ƙarƙashin gado. Na ce, "Inna, ke nawa kika samu bana?" Ta dube ni kamar na yi tambayar yara, ta ce ita ba ta ƙirga ba, ta miƙo mini faifai ta ce in kai wancan gefen da rana ta fi bugawa.